Kwalta a Ƙarƙashin Orsela

A ƙauyenmu, duk ranar da hira ta mutu a teburin da ke ƙofar kantin Delcho, da motar Bai Trifon, kamar yadda muke kiran dattijo Trifon don girmamawa, ake tayar da ita. Ƙirar Orsela ce, kuma babu wanda bai san sunan da Orsela ta yi a ƙasar nan ba. Wai kamfanin da kansa yake saka igiyar jan mota a cikin but tun kafin mota ta bar masana'anta. Wai wani ɓarawo ya taɓa sace guda a Kazanlak, washegari ya dawo da ita, har ya ajiye wa mai ita kuɗin bas a kan kujera don tausayi. Rabin masu wannan ba'ar ko zama a cikin Orsela ba su taɓa yi ba, amma wannan bai taɓa hana kowa magana a ƙauyenmu ba.

Shi dai Trifon Kalchev ba ya dariya. Malamin koyar da tuƙi ne da ya yi ritaya, kuma rabin direbobin kwarin nan ta hannunsa suka bi. Har yau suna tuna dokokinsa kamar jiya aka karanta musu: hannu biyu a kan sitiyari, ba a hira a kan kwana, waya kuma tana shiga ɗan akwatin da ke gaban kujerar fasinja tun kafin a taɓa makulli, ba ta fitowa sai an kashe inji, ko da uwar mutum ce ke kira. Idan Delcho ya fara tsiyarsa, Trifon yakan bari ya gama, ya kurɓi kofinsa, sannan ya ba da amsar da yake bayarwa shekara da shekaru:

"Mota ba ta da laifi. Laifin mai ita ne."

Abin haushin kuwa, motar tana goya masa baya. Sama da shekara ashirin tana hannunsa, koriya, fes kamar ba ta taka ƙasa, kuma ba ta taɓa kwana a hanya ba. A safiyar da sanyi ya fi tsanani, lokacin da motar Jamus ɗin Delcho ke tari tana ƙin tashi, Orsela bugu ɗaya take amsawa. Sai Trifon ya biyo ta gaban kantin a hankali, ya sauke gilashi, ya tambayi Delcho ko yana son aron igiyar nan da kamfani ya ba shi. Tun da matarsa Nevena ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo Zornitsa ta koma aikin jinya a Gabrovo, can bayan dutse, wannan 'yar nasarar ce kusan duk abin da ya rage masa na jin daɗi. Mutum ne mai girman kai, ba zan ɓoye ba, amma girman kan wanda abin fahariyarsa bai wuce guda ɗaya ba.

Bayan sabuwar shekara ne ya fara jin wani ƙwanƙwasa daga baya duk lokacin da taya ta faɗa rami. Ya rufe ƙofar gareji, ya sauka cikin ramin da ya haƙa da hannunsa don duba ƙarƙashin mota, da tocila a baki. Daga waje komai lafiya. Sai ya ɗora sukuddireba a daidai inda ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya yake haɗuwa da jikin motar, ya ɗan danna. Sukuddireban ya shige kamar cikin burodi. Gishirin da ake watsawa a tituna lokacin ƙanƙara ya daɗe yana cin ƙarfen ta ciki, ya bar ɓawo kawai. Ya gwada ɗaya gefen, nan ma tsatsa ta zubo masa a fuska. Babu wurin da mai walda zai kama, don babu sauran lafiyayyen ƙarfe da za a haɗa wani abu da shi.

Ya daɗe a tsaye cikin ramin. Idan laifin motar ne, to Delcho ne ke da gaskiya tun farko. Idan kuwa ba laifinta ba ne, shi da bakinsa ya riga ya faɗa wa duniya ko laifin wane ne. Ko ta ina ya juya, maganar ba ta fita da shi.

Abin da ya kamata ya yi a fili yake, kuma ya sani: ya kira masu sayen tsofaffin ƙarafa su zo su ɗauke ta. Amma hanya ɗaya ce ke fita daga ƙauyenmu, kuma ta gaban kantin Delcho ta bi. Da ya hango Orsela a ɗaure a bayan babbar mota, mutanen teburin nan sun miƙe suna cire huluna suna yi mata jana'izar wasa, sai ya ji gara shi a ɗauke shi a haka. Don haka ya samo ragar ƙarfe da tsofaffin jaridu ya cusa a ramukan, ya bi da ƙullun da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da shi, ya goge ya yi sumul. Da ya bushe ya shafe ƙarƙashin motar gaba ɗaya da baƙar kwalta, sannan ya bi hanyar gona da ita a hankali don laka ta rufe sabuntar aikin. Aiki ya yi kyau, domin Trifon bai iya aikin banza ba, ko da na ha'inci ne. Washegari ya sanar a teburin Delcho cewa gwiwarsa ta hagu ta gaji da taka kuloci, zai kai Orsela wurin dillalai ya yi musaya da mai canja giya da kanta.

Labari ba ya kwana a wurinmu. Matar Delcho ta faɗa wa ƙanwarta, ƙanwar ta faɗa wa wata da ke aiki asibiti ɗaya da Zornitsa, ranar Lahadi sai ga Zornitsa ta sauko daga bas da banitsa mai zafi, gashin fulawa mai cuku, a cikin leda. Ta ɗauko uban sak: dogon wuya, gajeriyar magana, da kafiyar da ba a tanƙwarawa. Tata motar ta mutu tun kaka, tana fama da bas zuwa aiki. Bayan sun ci abinci ta ce masa ta zo ne a kan Orsela. A cikinta ya koya mata tuƙi, a cikinta suka kai mahaifiyarta asibiti tafiyar ƙarshe, kuma har yanzu akwai ɗan zaren ja da Nevena ta ɗaura a madubi don maganin baki. Ba kyauta take nema ba, ta ce, duk abin da dillali zai ba shi za ta biya.

Trifon ya ce a'a. Ta tambayi dalili, ya ce ya riga ya yanke shawara. Ta ce ai bai ma je wurin dillalin ba tukuna. Ya ce mota ce ta tsufa, ba ta dace da mace mai tafiya ita kaɗai ba, ta nemi ƙarama sabuwa-sabuwa. Zornitsa ta ajiye cokali ta dube shi irin duban da take wa majinyacin da ke ɓoye ciwo.

"Tate, babana, ka faɗa mini gaskiya. Akwai abin da ke damunta ne?"

A nan ne Allah ya buɗe masa ƙofa, kuma ya gan ta a buɗe. Daga shi sai 'yarsa a ɗakin girki, babu Delcho, babu kowa. Amma wannan yarinyar tun tana 'yar makaranta take dambe da yara a kan motar ubanta, ta taɓa dawowa gida da fasasshen leɓe saboda wani ya rera mata waƙar Orsela. Ya rasa yadda zai dube ta ya ce yaran nan ne ke da gaskiya, balle ya faɗa mata abin da ya shafa a ƙarƙashi.

"Lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Babu abin da ya taɓa samunta."

"To kenan ka fi son baƙo ya hau ta a kaina."

Ta wanke kwanukan, ta sumbaci goshinsa don ba a yi mata tarbiyyar fita babu sallama ba, ta tafi ta jira bas a cikin sanyi, ta ƙi ya kai ta tasha. Daga ranar ba ta sake kira ba, shi ma bai kira ba.

Dillalan da ke kusa da mu ko kallon arziki ba su yi wa motar ba. Na farko daga bakin ƙofa ya hango tambarin ya kaɗa hannu, kamar mai korar kaza. Na biyu ya ce filinsa ba asibiti ba ne. Sai aka kwatanta masa wani babban fili a gefen Gabrovo, inda aka ce suna karɓar ko mene ne muddin za ka ɗauki wata a wurinsu. Dole ya haye dutsen Shipka. Ya yi tafiyar a ƙaramar giya, yana lallaɓa kowace kwana kamar mai ɗauke da ƙwai a cinya, manyan motoci na danna masa oda a baya, rigarsa ta jiƙe da gumi duk da sanyin. Shi kaɗai ya san abin da ke riƙe da tayoyin bayan nan. Gidan Zornitsa bai da nisa da filin, amma bai biya ba.

Wanda ya tarye shi wani saurayi ne, Tihomir, mai farin wando da takalmin da bai san laka ba. Da farko ya taho da fara'a, don ya ga dattijo da alamar kuɗi a aljihun ciki. Da idonsa ya sauka a kan tambarin sai fara'ar ta koma wani murmushi na daban. Ya zagaya motar sau ɗaya, hannu a aljihu, ya ɗan shuri taya da ƙafa, sannan ya faɗi farashin da ko sababbin tayoyi huɗu ba zai saya ba. Trifon ya ji kamar an mare shi. Ya fara bayani: hannu ɗaya tun tana sabuwa, ba ta taɓa kwana a waje ba, mai a kan lokaci, ko sigari ba a taɓa sha a ciki ba.

"Kaka, duk na yarda," in ji Tihomir. "Amma ni ba mota nake saye ba, suna nake saye. Ka kawo mini ta Jamus da aka ciro daga kogi, gobe na sayar. Wannan ko da turare ka yi mata wanka, mutum na ganin tambarin zai tuna da barkwancin da kawunsa ya ba shi."

"Ka tayar da injin ka ji mana. Ka leƙa ƙarƙashinta."

Shi kansa Trifon bai san dalilin da ya sa ya faɗi haka ba. Wataƙila fahariya ce da aikin hannunsa, wataƙila kuma wani sashe na zuciyarsa ne ke roƙon a kama shi a huta. Tihomir ya dubi farin wandonsa, ya dubi jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya yi dariya. Ya ce babu buƙata, ai wannan ba mai hawanta kuma, masu kayan gyara za su zo su farfasa ta, ragowar a auna a kan sikeli.

Wannan maganar ta yi wa Trifon zafi, kuma ta sanyaya masa rai a lokaci guda. Duk wahalar da ya sha a ramin nan ta tashi a banza, tun da ko mota ce ta zinariya farashin ɗaya ne. Amma idan farfasa ta za a yi, to babu wanda kwaltarsa za ta cuta. Ya riƙe wannan da hannu biyu. Ya cika da abin da ya daɗe yana tarawa, ya karɓi wata motar Jamus ruwan toka wadda Tihomir ya rantse wata tsohuwa ce ke zuwa coci da ita. Sai da ya kai rabin hanya ya tuna bai kwance zaren Nevena daga madubi ba.

Wanda ya yi sabuwar mota dole ya shayar da mutane, haka al'ada take, don haka ya ajiye kwalbar barasar gida da faranti na cuku a teburin Delcho. An sha, an yi masa fatan alheri, an zuba ruwa a gaban tayoyi don tafiya ta yi sauƙi. Delcho ya ɗaga kofi ya ce yau dai Bai Trifon ya shigo addinin gaskiya, ko da yake a makare. Trifon ya ce gwiwa ce ta sa, in ba haka ba da Orsela za a kai shi maƙabarta. Aka yi dariya, ya haɗiye.

Ba a yi mako biyu ba Delcho ya miƙo masa waya ta kan tebur, yana murmushi har kunne. Ga Orsela nan a shafin tallan motoci na intanet, an wanke ta tana ƙyalli a ƙarƙashin tutocin filin. An rubuta cewa hannu ɗaya ce, ta wani dattijo malamin tuƙi mai tsananin kula, ƙarƙashinta kamar sabo. Farashin ya ninka abin da aka ba shi har ba ya son lissafawa. Delcho ya ce ashe dai akwai wawan da ake jira a duniya. Trifon ya mayar masa da wayar, ya ce kansa na ciwo, ya tafi gida.

Ya kira filin. Tihomir ya ce yana tare da mai saye, ya kira an jima. Da ya sake kira, ya fara cewa akwai wata magana a kan ƙarƙashin motar, sai saurayin ya katse shi: ciniki ya riga ya faɗa, ba a mayar da kuɗi, ba a ƙari, idan kuma kewar motarsa yake yi ƙofa a buɗe take, ya zo ya saya kamar kowa. Trifon ya ajiye waya ya ce gobe zai je. Goben aka yi dusar ƙanƙara. Jibi ya ce ai babu mai sayen Orsela, shi da kansa ya ji daga bakin dillalai uku, sunan nata ma zai tsare mutane daga gare ta. Karo na farko a rayuwarsa ya dogara da mugun sunan motar, har yana addu'ar ya ƙara ɓaci. Haka kwanaki suka yi ta wucewa, abinci ba ya shiga, yana zagaya garejin kamar wanda ya yar da wani abu.

Ranar Waliyyi Trifon ta zo, ranar da ake fara datse rassan inabi, kuma ranar sunansa. Tun da sassafe maza ke fita gonaki da almakashi da dafaffiyar kaza da gorar ruwan inabi, ba sa dawowa sai sun yi tilis. Ya ga babu ranar da ta fi wannan: ƙofar kantin Delcho za ta zama wayam, zai je ya sayo Orsela ko nawa ne, ya sa a ɗora ta a kan babbar mota a wuce da ita kai tsaye wurin masu tsofaffin ƙarafa, babu wanda zai sani. A ranar sunan mutum ba a gayyatar kowa, wanda ke ƙaunarka shi ke zuwa da ƙafarsa, kuma Zornitsa ba ta taɓa fashi ba. Amma bana tana fushi, ya gaya wa kansa, ba za ta zo ba. Ya ji ciwon hakan, ya kuma ji daɗinsa, domin ba sai ya bar mata bayanin inda ya tafi ba.

Motar Jamus ta haye dutsen ba tare da ta yi nishi ba. Da hantsi ya isa filin. Ya bi layin motocin da ido har ƙarshe, ya dawo, bai ga koriya ba.

Tihomir na zaune a ofishin gilashi, kofi a gabansa, da buɗaɗɗen kwalin cakulan a kan tebur. Wannan karon har miƙewa ya yi.

"Bai Trifon! Yau ranarka ce ko? Allah ya ƙara lafiya. Zauna mana."

Trifon bai zauna ba. Ya faɗi abin da ya zo faɗa a tsaye, a dunƙule, idonsa a kan bango: ƙarfen baya ya ruɓe, kwalta ce da jarida ke rufe da shi, motar ba ta hawuwa, ya zo ya saye ta. Ya yi zaton saurayin zai yi faɗa, ko ya yi barazanar kiran 'yan sanda. Tihomir sai ya ɗaga tafukansa biyu kamar mai kare ruwa.

"Ni ban ji wannan ba. Ka gane? Ban ji ba, kai ma ba ka faɗa ba. Mu yadda muka karɓa haka muke sayarwa, kuma Orsela ba ma ba da tabbaci a kanta, duk mai saye sai ya sa hannu a kan haka. Ban da haka ma ka makara, ta tafi."

"Wa ya saya?"

"Au, ba ka sani ba?" Tihomir ya yi dariya ta gaske. "To na ɓata mata shiri. 'Yarka mana, ma'aikaciyar jinyar nan. Jiya ta biya, ɗazun nan ta zo ta ɗauka. Na ce ta kai wa makaniki ya duba, don kada a ce ban faɗa ba, ta ce babanta ya ce lafiyarta ƙalau, kuma babanta bai taɓa yi mata ƙarya a kan mota ba. Ko ragi ba ta nema ba. Ta ce yau za ta je ta ajiye ta a ƙofar gidanka ta ga yadda fuskarka za ta yi." Ya turo kwalin gabansa. "Ɗauki mana, na sabuwar motarta ne ta kawo mana."

Trifon bai san yadda ya fita daga ofishin ba. Ya tsinci kansa a tsakiyar filin, waya a kunne, tana ta ringi. Ta katse, ya sake kira. Ya sake. Yana kira yana ganin wayar da idon zuciyarsa, tana haske ita kaɗai a cikin ɗan akwatin gaban kujera, inda ya koya mata ta riƙa sakawa tun tana 'yar shekara goma sha takwas. A cikin duk ɗaliban da ya yaye, babu wanda ya riƙe dokokinsa kamar Zornitsa. Sun saɓa a hanya ne yana cikin gari, ko kuwa ta bi ta gidan mai, bai sani ba. Abin da ya sani, tana gabansa a kan hanyar dutse, kuma ba ta san akwai dalilin lallaɓawa ba.

Mutumin da bai taɓa wuce ƙa'idar gudu ba a rayuwarsa, ranar ya tuƙa kamar mahaukaci, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana danna kira. Ya yi ta wuce manyan motoci a inda ya sha hana ɗalibai wucewa. A kowace kwana yana cewa yanzu zai hango koren but ɗinta, ya danna oda, ya yi mata fitila har ta tsaya, ya faɗa mata komai a gefen titi, ta zage shi, ta daina yi masa magana har abada, duk ya yarda. Ya roƙi waliyyin da aka sa masa sunansa, ya roƙi Nevena. Ya kai ƙololuwar dutsen bai gan ta ba, sai ya ɗan samu numfashi: idan ta haye lafiya, saura gangara kawai. Amma shi ya fi kowa sanin cewa a gangaren ne nauyin mota ke faɗawa gefe ɗaya a kowace kwana.

Bai yi nisa da fara sauka ba ya tarar da layin motoci a tsaye. Direbobi sun kashe inji sun fito, wasu na shan sigari, wasu na buga ƙafa saboda sanyi. Ya bar motar a buɗe ya ci gaba da ƙafa. Gwiwar da ya yi wa ƙaryar ciwo yanzu da ƙyar take ɗaukarsa.

A kan kwanar, shingen ƙarfen gefen titi ya yage ya lanƙwashe waje. Akwai motar 'yan sanda da motar asibiti, kuma ma'aikatan asibitin na tsaye a bakin kwazazzabo, ba sa sauri. A tsakiyar kwalta, ita kaɗai, ga tayar baya a kwance tare da guntun ƙarfen da ya karye. Bakin karayar ja ne jawur da tsatsa, gefensa kuma baƙi mai sheƙi, da wani yanki na jarida yana leƙowa, iska na kaɗa shi. Bai buƙaci ya leƙa ƙasa ba, amma ya leƙa. Can cikin itatuwa, a kan farar ƙanƙara, ya ga kore.

Wani direban babbar mota da ke kusa da shi ya tofar da yawu, ya ce wa abokinsa wai mace ce, ita kaɗai, Allah ya ji ƙanta. Abokin ya tambayi irin motar.

"Orsela ce fa. Me kake jira? Wa zai hau dutse da wannan akwatin gawar in ba wanda ya gaji da duniya ba?"

Sai direban ya lura da dattijon da ke tsaye a gefensa babu hula, waya a hannu. Ya ɗan rage murya, ya ce ko ba haka ba, Baba?

"Mota ba ta da laifi," in ji Trifon.

Direban ya jira ya ji ƙarshen maganar. Trifon ya buɗe baki, ragowar ta ƙi fita. Ya zura wayar a aljihu, ya taka zuwa wurin ɗan sandan da ke tsare da hanya, ya faɗa masa sunansa.